Rajistar aiki: shimfiɗa wayar netwok a wani ofishi a Sabon Gari, Zariya

Litinin, 13 ga Janairu 2025

Zagayen farko. Ofishin bene ne mai hawa ɗaya, ba nisa da PZ: ɗaki biyar a ƙasa, huɗu a sama, sai sito a bayan gida da ke tsaye shi kaɗai. Kwamfuta 14 ce, firinta biyu, da wata kwamfuta da aka mayar ma'ajiyar fayiloli, wadda ma'aikata ke kira saba. Kukansu bai wuce uku ba: fayil ba ya buɗuwa da wuri, firinta takan ɓace, sannan da hantsi idan kowa ya zauna kan aiki sai komai ya tsaya cak.

Mun samu tushen matsalar a ƙarƙashin teburin sakatariya. Wani tsohon hob ne mai rami takwas, gudunsa megabit 10, ƙura ta rufe shi, fitilarsa ta karo tana ci ba ƙyaftawa. A jikinsa aka jona sabar da duk kwamfutocin sama, daga nan waya ɗaya ta tafi wajen wani suwic mai rami 16.

A nan garin mutane da yawa duk akwatin da suka ga ramuka a jikinsa hob suke ce masa, alhali aikinsu ya bambanta. Hob ba ya tantance komai. Saƙon da ya shigo ta rami ɗaya sai ya watsa shi ga sauran ramukan duka, kuma na'ura ɗaya ce kawai ke iya magana a lokaci guda. Idan biyu suka yi tare, saƙonninsu su yi karo, kowace ta ja baya ta jira ta sake. Suwic kuwa yana haddace lambar MAC, wato lambar shaida ta kowace na'ura, da ramin da take, ya kai saƙo ga mai shi kaɗai, kuma kowane rami yana aikawa yana karɓa a lokaci ɗaya. Mutum goma sha huɗu suna rabon megabit 10 ta hanyar hob, dole a ji jiki.

Shawarar da muka ba Alhaji mai ofishin: a cire hob da tsofaffin wayoyi gaba ɗaya, a ja sabuwar waya daga kowane tebur zuwa wuri guda. Ya amince.

Talata, 14 ga Janairu

Awo. Soket 22 na netwok za a saka, 12 a ƙasa, 10 a sama. Goma sha takwas na na'urorin da ke akwai ne har da akwatin Wi-Fi na baranda, huɗu kuma na ajiya.

Rak, wato akwatin ƙarfen da suwic zai shiga kuma duk wayoyi za su haɗu a cikinsa, zai zauna a ƙaramin ɗakin ajiyar takardu da ke tsakiyar hawan ƙasa. Yana da makulli, ba shi da taga ta gabas da hunturu ke turo ƙura, kuma daga can waya mafi tsawo mita 61 ce. Ƙa'idar Cat6, irin wayar netwok da za mu ja, mita 90 ce a cikin bango, a ƙara mita 10 na gajerun wayoyin jonawa, jimla 100. Muna da sarari sosai.

Lissafin waya ya kama kusan mita 800. Kwali ɗaya mita 305 ne, don haka kwali uku. Sauran kaya: rak na bango mai 9U, fac-fanel (allon da wayoyin bango ke ƙarewa a jikinsa cikin rak) mai rami 24, suwic na gigabit (megabit 1,000) mai rami 24 wanda ake iya shiga a saita shi, soket 22 da murafunsu, gajerun wayoyi na kamfani masu rabin mita guda 24 da masu mita uku guda 22, tirankin na roba (kwalbatin rufe waya a jikin bango), bututun roba na silin, da UPS mai 1,000VA, wato akwatin batir da ke riƙe na'urori idan an ɗauke wuta.

Laraba, 15 ga Janairu

Kwali uku sun iso, ɗaya ya koma. Tun wajen ɗagawa aka ji bai kai sauran nauyi ba. Muka feɗe ƙarshensa, muka kankare zare ɗaya da reza, sai fari ya bayyana a ƙarƙashin jan. Muka kara masa wutar laita: tagulla ta gaskiya takan yi ja ta tsaya a miƙe, wannan kuwa ya lanƙwashe nan take. Alminiyam ne aka yi wa rufin tagulla, abin da ake kira CCA, ko da yake a jikin kwalin Cat6 aka rubuta ɓaro-ɓaro.

Wannan waya takan yi aiki ranar farko, shi ya sa take yaudarar mutane. Alminiyam kusan kashi 61 cikin ɗari na abin da tagulla ke ɗauka yake ɗauka na wuta, yana karyewa idan aka lanƙwasa shi sau biyu ko uku, kuma inda haƙorin soket ya cije shi yakan yi tsatsa irin tasa, mahaɗar ta saki bayan 'yan watanni. Idan kuma za a tura wuta ta cikinta zuwa akwatin Wi-Fi ko kyamara, takan yi zafi. Duk wanda zai sayi waya ya tafi kasuwa da reza a aljihu, ya gwada a gaban mai shago kafin a ɗora a keke.

Alhamis 16 zuwa Asabar 18 ga Janairu

Jan waya. Na sama sun bi ta silin cikin bututun roba, saboda mun ga kashin ɓera da tsohuwar waya da aka gaigaye har tagulla ta fito. Na ƙasa sun bi tirankin a jikin bango.

Kowace waya an rubuta mata lamba a duka ƙarshenta biyu kafin a ja ta: K01 zuwa K12 na ƙasa, S01 zuwa S10 na sama. Wanda ya bar rubutun sai bayan ja zai ɓata yini guda yana laluben wace ce wace.

Mun bar aƙalla santimita 30 tsakanin wayarmu da ta lantarki, mun kuma kauce wa dogayen fitilun silin masu cok. Wuri biyu ya zama dole a tsallaka wayar wuta, sai muka gitta ta a gicciye maimakon a jera su tare. A kusurwa ba a karya waya. Lanƙwasar kada ta matse fiye da ninki huɗu na kaurinta. Ɗauri kuma da maɗaurin yadi mai mannewa muka yi, domin maɗaurin roba idan aka ja shi da ƙarfi yana matse murɗin da ke ciki. An bar rarar mita biyu a wajen rak, santimita 30 a bayan kowane soket.

S07 ta maƙale a bakin bututu, aka ja ta da ƙarfi har rigarta ta yage. Ba mu yi mata faci ba, an zare ta an ja sabuwa.

Litinin, 20 ga Janairu

Ɗaura wayoyi a soket da fac-fanel. Tsarin T568B muka bi a ko'ina. Daga haƙori na ɗaya zuwa na takwas: fari mai ratsin ruwan lemo, ruwan lemo, fari mai ratsin kore, shuɗi, fari mai ratsin shuɗi, kore, fari mai ratsin ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Akwai tsarin A, shi ma daidai ne. Abin gudu shi ne a gauraya su a gini ɗaya.

A cikin wayar zare takwas ne, an murɗe su biyu-biyu, tagwaye huɗu. Murɗin nan shi ne ke kashe hayaniyar da waya ke kwasowa daga waje da wadda tagwaye ke watsa wa juna. Saboda haka wajen ɗaurawa ba a warware fiye da milimita 13. Yaran aiki sukan so su warware mai tsawo don su ga launi da kyau, sai an tsaya a kansu.

Wayar cikin bango mai zare guda ce mai tauri, an yi ta ne don a danna ta cikin haƙoran soket. Ba mu matsa mata kan RJ45, wato kan roban da ake sokawa a kwamfuta, kai-tsaye ba. Daga bango zuwa kwamfuta gajeruwar waya ce mai laushi ta kamfani, wadda ke jure lanƙwasa da jan kujera.

Talata, 21 ga Janairu

Gwaji, soket bayan soket, da testa sannan da laftof mai gigabit. Sha tara sun wuce lafiya, uku sun ba da aiki.

K04: testa ta nuna haƙori na bakwai ba ya ci, laftof kuma ta haɗu a megabit 100 maimakon 1,000. Dalili a fili yake. Gudun megabit 100 tagwaye biyu kawai yake buƙata, haƙori na 1 da 2 da na 3 da 6, gigabit kuwa sai duka huɗun. Idan zare ɗaya daga shuɗi ko ruwan ƙasa ya saki, na'urori sukan sauko 100 shiru, intanet na aiki, ba wanda zai san an yi asarar kashi tara cikin goma na gudu. Farin mai ratsin ruwan ƙasa ne bai shiga haƙorinsa ba. An sake danna shi.

S02: gefen soket an bi launukan A, gefen fanel an bi na B. Ta yi aiki, domin na'urorin yanzu suna gane waya mai gicciye su daidaita kansu, amma mun gyara ta don kada ta rikita wanda zai zo bayanmu.

S09 ita ta fi cin lokaci. Testa ta nuna fitila takwas a jere, ɗaya zuwa takwas, amma fayil na tafiya yana tsayawa, shafin suwic kuma yana ƙirga kurakuran CRC, wato saƙonnin da suka iso a lalace, a raminta ɗari bisa ɗari. Muka sake ɗaura soket, muka sake na fanel, ba canji. Ashe gajeruwar wayar da aka ɗauko daga tsofaffin kayan ofishin ce aka yi gwajin da ita. Da muka duba kanta a haske, wanda ya matsa ta ya jera launuka ne yadda suka zo masa: lemo biyu, kore biyu, shuɗi biyu, ƙasa biyu, iri ɗaya a duka gefen. Kowane haƙori yana isa ga takwaransa, shi ya sa ƙaramar testa ta ce lafiya. Amma haƙori na 3 da na 6, waɗanda dole su zama tagwaye masu murɗi ɗaya, sun faɗa a tagwaye daban-daban, kariyar murɗin ta tafi. Ƙaramar testa ba ta ganin irin wannan. Mun tattara duk tsofaffin gajerun wayoyi, guda 17, muka yanke kawunansu don kada wani ya sake ɗauko su daga durowa.

Laraba, 22 ga Janairu

An yi ƙaura bayan la'asar da ma'aikata suka tashi. Tsarin adireshi, wato lambar da kowace na'ura ke amsawa da ita a netwok: rawuta (akwatin da ke haɗa ofis da intanet) 192.168.10.1, suwic .2, saba .10, firintoci .21 da .22, duk a kafe. Kwamfutoci suna karɓa daga DHCP, wato tsarin da rawuta ke raba adireshi da kanta, tsakanin .100 da .199. Rawuta tana rami na 24.

A nan aka gano abin da ke ɓatar da firinta a da. An kafe mata adireshi a cikin zangon da rawuta ke rabawa, duk ranar da aka ba wata kwamfuta ko wayar hannu wannan lamba sai su yi ta ture juna.

An canja kalmar sirrin suwic da ta rawuta daga ta kamfani. An manna takardar lambobin soket da ɗakunansu a cikin murfin rak, an ba Alhaji kwafi.

Juma'a, 24 ga Janairu

Kira da safe: duk lokacin da aka ɗauke wuta aka tada janareta, bayan kamar minti ashirin netwok ya mutu. UPS ce ke ƙin karɓar wutar janaretan. Tana zama kan batir tana kuka har ya ƙare, suwic da saba su mutu alhali fitilun ofis na ci.

Mita ta nuna bolt 228, wannan ba laifi. Amma bugun wutar yana yawo tsakanin 53 da 54, wutar ƙasar nan kuwa hertz 50 ce, wannan UPS kuma ba ta yarda da abin da ya kauce da yawa. Makanike ya zo bayan an sauko daga masallaci ya daidaita gwamnan injin, ya dawo 50 zuwa 51 da kaya a kansa. Mun kuma sassauta saitin UPS ɗin yadda ba za ta riƙa tsalle kan batir don ƙaramin motsi ba. An gwada sauyin wuta sau uku, suwic bai ƙyafta ba. An cire firinta mai leza da wani ya jona a UPS ɗin. Wutar da take ja lokacin ɗumama kanta ta fi ƙarfin 1,000VA.

Talata, 28 ga Janairu

Sakatariya ta kira: "Malam, kwamfuta biyar ba sa ganin saba, sauran kuma lafiya lau."

A ɗaya daga cikinsu muka buga ipconfig /all, umarnin da ke nuna adireshin kwamfuta. Adireshinta 192.168.0.103, mai ba ta kuma 192.168.0.1. Babu wannan lamba a tsarinmu. Da 169.254 muka gani, da mun ce kwamfutar ba ta samu mai ba ta adireshi ba sam, mu koma kan waya. Wannan kuwa ta samu, daga baƙo.

Muka ɗauki lambar MAC ta baƙon da arp -a, muka neme ta a teburin suwic, ta fito a ramin S05. Wani ma'aikaci ne ya kawo ƙaramar rawuta daga gida don Wi-Fi ya kai ɗakinsa, ya jona ta ta ramin LAN, wato ramin da ake jona kwamfutoci. Kowace irin wannan rawuta tana zuwa da DHCP a kunne. Kwamfutar da ta tashi ta nemi adireshi, wanda ya riga amsawa shi take bi, shi ya sa wasu suka faɗa hannunta wasu suka tsira.

Bukatarsa gaskiya ce, Wi-Fi ba ya kai ƙarshen baranda. Don haka ba mu cire ta ba: an kashe DHCP ɗinta, an ba ta 192.168.10.5, an sa mata kalmar sirri mai ƙarfi. A suwic kuma an kunna tsaron DHCP, rami na 24 kaɗai aka amince ya raba adireshi.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Ofis gaba ɗaya ya tsaya da ƙarfe tara. Fitilun suwic duka suna ƙyalƙyali tare da sauri iri ɗaya, shafinsa ba ya buɗuwa, ping (saƙon gwaji) zuwa rawuta ba amsa. Wannan alamar zobe ce.

Hanyar nema ba ta bukatar na'ura: a zare wayoyin fanel ɗaya bayan ɗaya ana kallon fitilu. Da aka zare K11 komai ya lafa. K11 da K12 soket biyu ne a jere a ɗakin taro. An ga waya tana lilo daga ɗaya lokacin shara, aka soka ɗaya kan a soket na kusa da niyyar gyara.

Abin da ke faruwa shi ne, saƙon da ake yi wa kowa shela, kamar na neman adireshi, suwic yana fitar da shi ta kowane rami. Ya fita ta K11 ya dawo ta K12, a sake watsa shi, ya kuma fita ta K12 ya dawo ta K11. Saƙon Ethernet, wato na irin wannan netwok na waya, ba shi da ƙidayar da za ta kashe shi bayan zagaye kaza, don haka yana ta juyawa, sababbi na ƙaruwa a kansa, cikin daƙiƙu hanya ta cika.

Maganinsa yana cikin suwic ɗin tun farko, wato RSTP, wanda ke gane zobe ya toshe rami ɗaya. Wannan suwic ya zo da shi a kashe, ranar 22 kuma ba mu kunna ba. Kuskurenmu ne, ya kuma ci wa ofishin aikin awa guda. An kunna shi yanzu, an maimaita zoben da gangan a gaban Alhaji: rami ɗaya ya toshe, sauran suka ci gaba da aiki. Soket huɗun ajiya an kashe ramukansu daga suwic, an sa musu murfi, sai ranar da aka bukace su.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Jikin rak yana ɗan jan hannu idan an taɓa. Wayar at, mai kai wutar da ta zame zuwa ƙasa, ta soket ɗin wutar ɗakin ba ta je ko'ina ba, a cikin bango ta ƙare. Mai gyaran wuta ya kafa sandar at mai mita 1.8 a bayan gini kusa da magudanar ruwa, inda ƙasa ke da danshi ko da rani, ya jawo waya mai kauri zuwa allon wuta da jikin rak. Jan hannun ya ɓace. Ƙasar hunturu busasshiya ce, awon at na rani ya fi na damina muni, don haka abin da ya wuce yanzu zai wuce da damina.

Sati biyu kacal, ƙura ta riga ta kwanta a kan suwic duk da ɗakin a rufe yake. Ta ƙarƙashin ƙofa take shigowa. An sa roba a gindin ƙofar, an sa soso mai tace iska a ramukan rak, an nuna wa masinja yadda zai cire shi ya kakkaɓe duk Juma'a. Busa suwic da bulowa sai an kashe shi tukuna.

Litinin, 10 ga Fabrairu

Awon ƙarshe da iperf3, manhajar auna gudu, tsakanin saba da kowane soket: kusan megabit 940 a duka 18 da ke aiki, har da S10 mai mita 61. Fayil mai gigabait ɗaya yana wucewa cikin kamar daƙiƙa goma. Ƙirgan CRC sifili ne a kowane rami tun 22 ga Janairu. An adana saitin suwic da na rawuta a saba da kuma filashi da ke cikin rak.

Aiki biyu suka rage, kuma duka dole a gama su kafin ruwan farko. Na ɗaya, wayar da ta sauko daga faifan intanet na kan rufi kai-tsaye take shiga rawuta. Tana bukatar na'urar kare tsawa a inda ta shigo gini, a ɗaure ta da sabon at. Na biyu, sito. Alhaji ya so a ja masa Cat6 ta sama tunda mita 40 ce kawai, muka ce a'a. Tagulla tsakanin gini biyu hanya ce ga tsawa, ko ba ta faɗo a kan ginin ba, kuma suwic da duk abin da ke jikinsa ne za su biya. Fayiba gilashi ce, ba ta ɗaukar wuta. Za a binne fayiba nau'in OM3 mai zare biyu cikin bututu, da SFP (ƙaramin kan da ke karɓar fayiba) a suwic da ƙaramin mai juya sigina a siton. An auna hanyar rami yau, mita 46 har da hawa bango, masu haƙa za su fara ranar Laraba.